Matar Ƙetare da Takardar Haihuwa: Gaskiyar Maganar da Ke Yawo a Randagi

Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, wata magana ta shiga yawo a ƙasar Birnin Gwari. An fara jin ta a tasha da teburin masu shayi, ta bi 'yan kasuwa har Kakangi da Randagi. Wai duk mai auren 'yar Nijar, in bai fito da takardar haihuwarsa da ta matarsa ba, jami'an shige da fice za su zo su ɗauke ta su mayar da ita ƙasarsu, 'ya'yan kuma su zama ba 'yan nan ba, ba 'yan can ba. Wani dattijo mutumin Randagi, wanda ya auro 'yar Maraɗi tun yana saurayi yana fataucin shanu, ya riƙe hannuna bayan sallar La'asar ya ce, "Malam, ku da kuka yi boko, yanzu uwar 'ya'yan nawa ce ta zama baƙuwa? Ni kaina ban san ranar da aka haife ni ba, balle ita." Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, babu mai taɓa Inna."

Ba lallashi na yi masa ba. A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta sanar cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarin ƙungiyar, su kuma bar su su shiga, su fita, su zauna ba biza, har zuwa lokacin da za a fito da wani tsari. 'Ya'yan kuwa, tsarin mulkin 1999 ya gama magana a kansu a sashe na 25: wanda aka haifa a Najeriya, muddin uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun ran da ya faɗo duniya. Ita matar ma sashe na 26 ya buɗe mata ƙofa, tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar Najeriya saboda aurenta. Maganar kora dai ba ta da tushe.

Sai dai ƙarshen zancen dattijon ya fi farkonsa tsaya mini a rai. Bai san ranar haihuwarsa ba, matarsa ba ta san tata ba, jikokinsa kuma da aka haifa cikin shekarun gudun hijirar da rashin tsaro ya jawo da wuya a sami mai suna a wani littafin hukuma. Yau ba wanda ya tambaye su. Ranar da ɗayansu zai tashi neman fasfo, ko ya nema wa matar da ya auro daga waje takardar zama, ko ya so ɗaukar matarsa zuwa ƙasar da yake neman abinci, ranar za a ce ya kawo abin da babu. Baƙunta ai fuska biyu gare ta. 'Yar Maraɗi baƙuwa ce a idon hukumar Najeriya, 'yar Randagi kuma baƙuwa ce a idon hukumar Jamus ko Ingila ko Amurka in mijinta na can yana son ta same shi.

Na ga wannan a gidanmu. Wani ƙanena, ɗan ƙanin mahaifina, ya tafi karatu Turai, ya sami aiki ya zauna. Ya zo gida aka ɗaura masa aure da 'yar garinsu, ya koma ya fara neman izinin a kai masa ita. Da aka nemi takardar haihuwarta ya bugo wa yayan amarya waya, shi kuwa ya ce, "Wannan ai ba komai, gobe war haka tana hannunka." Ya shiga gari ya sami wani mai shagon kwamfuta, kafin Azahar takarda ta fito, ga jan hatimi ga sa hannu. Takardar ta rage mata shekara biyu a kan abin da ke lambarta ta shaidar ɗan ƙasa (NIN), ta makarantar firamare ta faɗi wata shekarar daban, sunan uba kuma kowace takarda da yadda ta rubuta shi. Aure ne na gaskiya, an ba da sadaki gaban shaidu, gari ya ci goro. Amma damina biyu amarya ta yi a ɗakin uwarta, ana ta kai-kawo wajen gyara abin da aka ɓata cikin yini ɗaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mutanenmu sun ɗauki takardar haihuwa kamar tikitin mota, wanda ake yanka ranar tafiya. Alhali duk darajarta tana ga lokacin da aka rubuta ta. Jami'in da ke zaune a ofishin jakadanci a Legas ko Abuja bai san ka ba, bai san limaminku ba, bai halarci ɗaurin auren ba. Abin da yake nema shi ne shaidar da aka ajiye tun kafin kowa ya san za a yi wannan tafiya, tun babu mai cin riba in an ƙara shekara ko an rage, ko an sauya sunan uba.

Manomin Randagi ya fi kowa sanin wannan. In rigimar iyakar gona ta kai gaban dagaci, me ake dubawa? Tsohuwar ɗorawa, ko kuka, ko jerin adurukun da kakanni suka kafa a kan iyaka. In mutum ya nuna wani dashe mai ganye huɗu ya ce ga iyakarsa, alhali jiya da dare ya dasa shi, dagaci ba zai kalle shi ba ko da kuwa iyakar tasa ce da gaske. Ya ma jawo wa kansa zargi. Itacen ya zama shaida ne don ya riga rigimar zuwa. Takardar da aka yi mako biyu kafin a je gaban mai ba da biza dashen jiya ce.

Ko ka shiga Karar Birnin Gwari, wadda Gwamna Uba Sani ya sake buɗewa a Nuwambar 2024 bayan ta daɗe a rufe. Saniyar da aka yi wa alamar gida a kunne tun tana maraƙa, tabon ya warke ya girma tare da ita, ba mai ja a kanta. Wadda kunnenta ke ɗanye, yankan bai kwana uku ba, kowane dillali zai ja da baya, balle a ƙasar da satar shanu ta yi wa illa irin tamu. Haka ɗaurin aure. Shaidu suna zaune ne lokacin da ake yin siga. Ba a bari sai an haifi 'ya'ya uku a tari mutum a hanya a ce zo ka zama shaida. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, a lokacin da ake ƙulla shi, tun ana shiri, tun mantuwa ba ta shigo ba. Wannan hikimar ce a cikin rajistar haihuwa, ba wani abu na Nasara ba.

Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Najeriya ita ce mai lamba 69 ta 1992, ta kuma ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwa, kuma kyauta ne. Takardar da ake miƙo maka tana wakiltar abin da aka shigar a littafin hukuma ne. In aka buɗe littafi ba a ga sunan ba, abin da ke hannunka reshe ne ba gindi, komai kyan hatiminsa.

Ana yawan cakuɗa ta da wasu takardu. Katin awo da katin rigakafi suna da amfani ƙwarai, a adana su, don suna nuna lokacin da aka fara kai yaro asibiti, amma ba su ne ita ba. Takardar indijin ta ƙaramar hukuma asalin mutum take faɗa. Ita kuwa takardar rantsuwar shekaru ta kotu, wadda muka fi dogara da ita, abin da take cewa kawai shi ne wane ya zo ya rantse cewa an haifi wance ranar kaza. Kotu ba ta je ta bincika ba, ta dai shaida an yi rantsuwa. Wanda ya kai shekara 18 ba a yi masa rajista ba, Hukumar Ƙidaya takardar tabbatar da haihuwa take ba shi, bisa wannan rantsuwa da lambar NIN. Halastacciya ce, ita ce hanyar da doka ta bar wa dattijon nan da mafi yawanmu da aka haifa a ɗaki a hannun ungozoma. Amma duba yadda sarƙar take. Fasfo yana ɗauko bayanansa daga NIN. NIN ɗin jama'a da yawa ya ɗauko nasa daga abin da suka faɗa cikin gaggawa lokacin da aka ce za a rufe layukan waya a ƙarshen 2020. Takardar tabbatarwa daga rantsuwa ta fito, rantsuwa daga bakin mutum. Duk ruwan daga rijiya ɗaya aka ɗebo shi. Ofisoshin jakadanci sun san haka, shi ya sa suke neman ƙari.

A Amurka, mai son kai matarsa yana cike fom mai suna I-130, ya tabbatar shi ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, ya tabbatar da auren. Matar kuma ta kawo takardar haihuwarta kafin a kira ta ganawa a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas, inda ake duba takardun masu neman bizar ƙaura. In babu takardar, ko an yi ta ne shekaru masu yawa bayan haihuwa, dokarsu ta yarda a kawo wasu shaidun: rajistar makaranta, takardun asibiti, na wurin ibada. In duk babu, to rantsuwar mutum biyu ko fiye waɗanda suka san haihuwar da kansu. In akwai 'ya'ya kuma takardunsu ba su gamsar ba, akan ba da shawarar gwajin DNA, mai nema ne ke biya. Ka ga ke nan rashin takarda ba ya rufe ƙofa. Jabu ne ke rufe ta. Wanda aka kama ya ba da bayanin ƙarya da gangan don samun biza, dokarsu ta haramta masa shiga har abada, sai in ya sami afuwa ta musamman, ita kuwa ba kowa ke samu ba. Da yayan amaryar nan ya ce, "Ba ta da takarda, a gida aka haife ta," da an nuna musu hanya tun ranar farko.

Wannan raunin namu ya taɓa shafar ƙasa baki ɗaya. A ranar 31 ga Janairun 2020 gwamnatin Donald Trump ta sanar da dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, dalilin da ta bayar kuwa shi ne raunin tsarinmu na tantance mutane da musayar bayanai, har da batun fasfon da suka ɓata ko aka sace. Ma'aurata da yawa suka maƙale har Joe Biden ya soke matakin ranar 20 ga Janairun 2021. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa da sauyin gwamnati, don haka mai niyya ya binciki halin da ake ciki kafin ya kashe kuɗinsa.

Jamus ce ta fi ba ni tsoro in na tuna Randagi. Fiye da shekara ashirin ke nan ofisoshinta a Najeriya suka daina buga wa takardunmu hatimin amincewa kai tsaye, saboda yawan jabu da kuma takardun gaske masu ɗauke da bayanin ƙarya. Lauya suke turawa, da kuɗin mai nema, ya je har garin da aka ce an haifi mutum, ya duba littafin rajista, ya je firamaren da ya yi a buɗe masa tsohon littafin shiga, ya tambayi dangi da maƙwabta. Wata da watanni ake yi ana wannan. To ka ƙaddara lauyan ya nufi wani ƙauye a yammacin Birnin Gwari da aka tashi mutanensa, makarantar ta yi shekaru a rufe, gara ta cinye littattafan, tsofaffin da suka halarci suna wasu sun rasu wasu sun watse. Wa zai tambaya? Ingila kuwa sharaɗinta shi ne miji da mata kowa ya cika shekara 18, mai ɗaukar nauyi yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024, kuma ba a ba mace ta biyu izinin zama muddin ta farko na can. Shekarun amarya da ake wasa da su a gida, can da su ake fara buɗe fayil.

Sai rubutun suna, wanda mu ba mu ɗauke shi bakin komai ba. Mutum ɗaya ne Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Muhammadu a katin zaɓe, Mamman a bakin uwarsa. Wani malamin firamare ne ya laƙaba masa Randagi a ƙarshen suna don masu suna Sani sun yi yawa a aji. Mace yau tana amsa sunan ubanta, gobe an yi aure sai a rubuta mata sunan miji a katin awo. In ka tsallaka Nijar, inda ake rubutu da ƙa'idar Faransanci, Usman ya koma Ousmane, Abubakar ya koma Aboubacar, Hauwa ta koma Haoua. Mu mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta sani ba, wanda ke zaune gabanta kuma ba zai yi maka kara ba. Don haka mai auren 'yar Nijar ya bar sunanta yadda yake a takardarta ta can, harafi da harafi, kada ya juya mata shi zuwa rubutun Najeriya. In ba a yi mata rajista tana jaririya ba, ƙasarta na da tata hanyar: alƙali ne ke sauraron shaidu ya yanke hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, sannan a shigar da ita littafin ma'aikatar magajin gari. Can za a je a yi. Yi wa 'yar Maraɗi takardar cewa a Randagi aka haife ta, don a huta da wahalar tafiya, ƙarya ce da za ta bi ta, ta bi 'ya'yanta.

Maganar shekaru kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, da hannunmu a ciki. An rage don shiga soja ko ɗan sanda, an rage don kada ritaya ta zo da wuri, an ƙara don katin zaɓe. Wanda bai san tasa ba kuma, mai cike fom ya zaɓa masa 1 ga Janairu ya wuce. Sai ka ga Ɗanjuma, takardarsa na cewa 1 ga Janairun 1990, ranar kuwa Litinin ce.

Amma Bahaushe bai jahilci lokacin haihuwarsa kamar yadda ake zato ba, hanyar lissafinsa ce daban. Sunan rana ya riƙe mana ranar mako: Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe. Azumi da Ɗan'azumi sun riƙe wata. Iyaye mata ba sa manta ko da damina ce ko da kaka, ko gero ya fara nuna, ko ana tsakiyar hunturu ana hura wa mai jego wuta. Shekara kuma akan ɗaure ta da abin da ya faru. Shekarar da aka kashe Murtala 1976 ce. Canjin kuɗin Buhari na mulkin soja 1984 ne. Husufin ranar da aka yi da hantsi ranar 29 ga Maris 2006 ne, a watan da aka yi ƙidayar ƙarshe. Azumin da aka haifa shekarar canjin kuɗi, a watan Yuni aka haife ta, don nan azumin 1984 ya faɗo. In aka zauna da tsofaffi biyu ko uku da tsohuwar kalanda a waya, za a kusanci gaskiya ƙwarai, wani lokaci har a kama ranar. Shawarata ga manyan da ba su da rajista ita ce a yi wannan zama sau ɗaya, tun tsofaffin na raye. A tsayar da rana ɗaya ta gaskiya, a rantse a kanta, a bi NIN da sauran takardu a daidaita su da ita ko da gyaran zai ci kuɗi da lokaci, sannan kada a ƙara taɓa ta.

Yaran kuwa su ne abin tausayi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajista. Wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya kai kashi 57, karkara kuma tana bayan birni. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. Yammacin Birnin Gwari, daga dajin Kamuku zuwa iyakar Neja da Zamfara, ya yi fiye da shekara goma cikin halin rashin tsaro da kowa ya sani. Matar da ta haihu a kan hanyar gudu, ko a ɗakin aro a cikin Birnin Gwari, ba ta kwana 60 take ba, ta abin da za a sa a baki take. Wanda ya taɓa mallakar takarda ma, wuta ta ci ta tare da rumbu. Na farkon yaran da aka haifa cikin wannan bala'i sun fara tasawa, nan da 'yan shekaru su ne angwaye da amare.

A Nuwambar 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da tsarin yin rajistar haihuwa ta intanet. Abu ne mai kyau, don abin da ya shiga rumbun kwamfuta wutar da aka cinna wa ƙauye ba ta cin sa. Sai dai tsarin na son sabis da caji da waya mai kyau, mu kuwa nan ne aka katse layukan waya a ƙarshen Satumbar 2021 saboda tsaro, kuma har yau mutanen ƙauyukanmu sun san tudun da ake hawa a nemi sabis. Masu ɗigon foliyo sun san ƙofar kowane gida. In ana iya tura su, ana iya haɗa su da mai rajista. Sulhun da aka yi don kawo ƙarshen rikicin ya buɗe kasuwa ya buɗe hanya, amma ban ga an ba rajistar yaran da aka haifa cikin rikicin muhimmancin da aka ba cinikin shanu ba, kuma ina ganin kuskure ne.

Dokar kanta tana da gibin da ya kamata a faɗa. A batun aure, sashe na 26 mace kaɗai ya ambata, wadda ta auri ɗan Najeriya. Shugaban ƙasa ne ke amincewa, ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, bayan an gamsu da halinta da niyyarta ta zama a ƙasar, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Cikin abin da ake nema akwai takardar aure, da ta haihuwarta, da shaidar cewa mijin ɗan ƙasa ne. Amma 'yar Randagin da ta auri mutumin Damagaram, mijinta ba shi da wannan ƙofa, sai ta sashe na 27 mai sharaɗin zaman shekara 15. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan gyara wannan, gyaran ya faɗi, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa. Nijar kuwa tun 2014 ta gyara tata dokar, mijin 'yar ƙasa na iya zama ɗan ƙasa ta dalilin matarsa. A nan maƙwabtanmu sun riga mu yin adalci.

Kada wani ya ce ai mu mutanen ƙauye ne, wa zai tambaye mu asali. An tambayi wanda ya fi mu. A Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi bisa zargin wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ce ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ya dawo gida. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu. Jikan dattijon Randagi ba shi da ko ɗaya. Kuma a Najeriya haihuwa a ƙasa kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, ta iyaye ake bi. Abin da zai tsaya wa yaron nan shi ne layi guda a littafin hukuma, mai ɗauke da sunan uwarsa da na ubansa, wanda aka rubuta tun yana goye.

Wurin farawa kuwa muna da shi, shi ne ranar suna. Kwana bakwai da haihuwa, ga liman, ga wanzami, ga ungozomar da ta yanke cibi, ga mai unguwa, ga dangin uwa da na uba, ba wanda ya manta ranar. Ina roƙon limamanmu su ajiye littafi a masallaci, duk sunan da suka raɗa su rubuta shi da ranar haihuwa da sunan iyaye, masu unguwa su riƙa kai wa dagaci da hakimi. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya sa baki Hukumar Ƙidaya ta turo ma'aikata gundumar Randagi su bi yaran da aka haifa cikin gudun hijira gida-gida. Kai kuma mai gida da aka yi wa haihuwa, bayan suna kana da sauran kwana 53. Kafin mai jego ta yi arba'in, je wurin mai rajista a asibiti ko sakatariya, tabbatar an shigar da sunan a littafi yadda kake so ya zauna, karɓo takardar, ka ɗauke ta hoto ka tura wa ɗan'uwanka da ke wani gari ya ajiye.